Dasashina Yana Jini Tun Ina da Ciki, Me Zan Riƙa Ci?

Assalamu alaikum Anti. Ni mai shayarwa ce, shekaruna 31, jaririna yana da wata 7 kuma shi ne na uku. Tun ina da cikinsa dasashina ya fara jini in na goge baki, har yau bai daina ba. Yanzu kuma in na sha ruwan sanyi sai haƙoran gaba su ɗauki zogi, ga wani ɗan baƙin ɗigo da na gani a matauni. An ce min yaron ne ya tsotse min kalsiyam ɗin haƙora, wai kowace haihuwa da haƙorin da take tafiya da shi. Ɗinki nake yi a gida, kofin shayi mai madara da sukari ba ya barin gefen kekena, ina kurɓa har yamma saboda ruwan nono. Da safe ina shan ruwan ɗumi da lemun tsami don rage teɓa. Na daina lemon kwalba na koma ruwan 'ya'yan itace na kwali. Wurin da ke jini kuma na rage goge shi don kada in fama. Don Allah wane abinci zan riƙa ci ya gyara min haƙora da dasashi? Ina tsoron zuwa wurin likitan haƙori, kada ya ce cirewa zai yi.

Ƙanwarki, maman yara uku

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya mana, ya ƙara miki lafiya. Abincin da kike tambaya akwai shi, kuma zan lissafo miki. Amma tun da na karanta wasiƙarki hankalina ya tsaya a kan kofin nan na gefen keke, don haka ki yi haƙuri mu bi ta kansa tukuna.

Kafin nan, ki wanke yaron nan daga zargi. Jariri ba ya tsotse kalsiyam daga haƙorin uwarsa. Idan jikin mai ciki ko mai shayarwa ya buƙaci ƙari, daga ƙashi yake ɗiba, kuma yakan mayar bayan yaye. Ɓawon haƙori, farin nan mai ƙyalli da ke waje, babu jijiyar jini a cikinsa da za a ja wani abu ta nan. Abin da ke cin haƙoran masu haihuwa daban ne: canjin sinadaran jiki lokacin ciki yana sa dasashi saurin kumbura da jini da zarar datti ya taru, amai yana wanke haƙora da tsamin ciki, kwaɗayi yana sa yawan ciye-ciye, gajiya kuma tana sa a kwanta ba a goge baki ba. Duk waɗannan ana iya maganinsu.

A bakin kowa akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin wani yauƙi mai danƙo da ke manne wa haƙori. Ki kankari haƙorinki da farce da safe kafin ki goge, ɗan farin abin da zai biyo farcen shi ne. Abincin waɗannan ƙwayoyi sukari ne, kuma suna samunsa sai su mayar da shi asid cikin 'yan mintuna. Ɓawon haƙori ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, har ƙashi, domin kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adinin kalsiyam da fosfet ne. Duk da haka asid yana narkar da shi. A ma'aunin tsami da ake kira pH, 7 ne tsaka-tsaki, kuma lambar na raguwa tsamin na ƙaruwa. In ta sauka ƙasa da kusan 5.5, ɓawon ya fara zubar da ma'adinansa. Wani likitan haƙori Ba'amurke, Robert Stephan, ya auna wannan a shekarun 1940. Ya ga cewa mutum na kurkure baki da ruwan sukari lambar take faɗuwa, sannan ta ɗauki kamar rabin awa zuwa awa guda kafin ta dawo daidai.

Yawu ne ke dawo da ita. Yana wanke ragowar abinci, yana kashe kaifin asid, yana kuma ɗauke da kalsiyam da fosfet da yake mayar wa ɓawon haƙori a inda ya zube. Lokaci kawai yake buƙata. To, dubi yininki. Kin kurɓa da ƙarfe tara, kafin yawu ya gama gyara kin sake kurɓa da tara da kwata, kin juya hannun riga kin sake kurɓa, haka har la'asar. Kamar ke ce kina ɗinki wani na biye da ke yana farkewa, yaushe rigar za ta haɗu? Da za ki zauna ki shanye wannan kofi a zama ɗaya tare da karin kumallo, sukarin ɗaya ne, amma haƙoranki sau ɗaya za su sha wuya maimakon su wuni a cikinta.

An gano wannan ta wata hanya marar daɗin ji. Daga shekarar 1945 zuwa farkon shekarun 1950, a asibitin masu taɓin hankali na Vipeholm da ke birnin Lund a ƙasar Suwidin, an riƙa gwaji a kan marasa lafiya ba tare da yardarsu ba. Wasu an ba su sukari tare da abinci, wasu kuma an riƙa ba su alewa mai danƙo tsakanin abinci da abinci, har guda 24 a rana. Waɗanda suka sha sukarinsu tare da abinci, ruɓewar haƙoransu ba ta ƙaru sosai ba. Masu alewar tsakanin abinci kuwa haƙoransu sun lalace ƙwarai. Zalunci ne, kuma yau babu hukumar da za ta yarda a yi irinsa. Amma abin da ya nuna ya tabbata: yawan kai zaƙi baki da daɗewarsa a manne sun fi yawan sukarin kansa ɓarna ga haƙori. Daga nan ne ma mutanen Suwidin suka samo ɗabi'ar ba yara alewa ranar Asabar kaɗai.

Saboda haka gyara na farko ba ya buƙatar sayen komai. Ki sha shayinki da abinci, ki gama, ki wanke kofin. A gefen keke ki ajiye gorar ruwa. Mai shayarwa tana yawan jin ƙishi, gaskiya ne, kuma ruwa ne maganinsa. Sukarin shayi ba ya kawo nono. Abin da ke kawo shi yawan ba yaro ya tsotsa, da cin abinci a ƙoshi, da shan ruwa. Shayin kansa ba abokin gaba ba ne, ganyensa ma yana ɗauke da ɗan fuloraid mai ƙarfafa haƙori. Ki riƙa rage sukarin rabin cokali rabin cokali, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Sai dai in an ce miki kina da ƙarancin jini, ki ɗan raba shayin da babban abinci, domin yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe.

Batun ruwan 'ya'yan itace na kwali kuwa, gudun gara kika yi kika faɗa gidan zago. Gwangwanin lemon kola mai mililita 330 yana ɗauke da sukari kusan giram 35, kuma ruwan lemu ko na tuffa mai wannan yawa bai yi nisa da haka ba, ko da an rubuta a jiki cewa ba a ƙara masa sukari ba. Ga shi kuma da tsaminsa. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana, wato kusan giram 50 ga babban mutum, kuma in an iya saukowa ƙasa da kashi 5, kusan giram 25 ko ƙaramin cokali 6, ya fi. Hukumar ta lissafa zuma da ruwan 'ya'yan itace a cikin wannan sukari. Ɗan itacen da kika ɓare kika tauna da kanki ba ya cikin lissafin. Ki ci lemun da tsokarsa, ki bar na kwali. In za ki sayi wani abu a leda ko a roba, ki duba bayansa: kowane giram 4 na sukari ƙaramin cokali ɗaya ne.

Ruwan lemun tsamin safe shi nake zargi da zogin haƙoran gaba. Wannan ba ya jiran bakteriya, shi kansa asid ne mai ƙarfi, lambarsa tsakanin 2 da 3, kuma haƙoran gaba yake fara taɓawa. Kullum yana ɗan zaizaye ɓawon, har abin da ke ƙarƙashi ya fara jin sanyi da zafi, kuma ɓawon da ya tafi ba ya sake tsirowa. Teɓar ma ba ya narkar da ita. Da ni ce ke da na bar shi. In kin ƙi ji, to ki tsarma shi da ruwa sosai, ki sha da tsinken shan lemo don ya wuce haƙora, ki kurkure baki da ruwa zalla, kuma kada ki sa buroshi sai bayan aƙalla rabin awa. Goge haƙori nan take bayan shan tsami yana ƙara kankare ɓawon da ya riga ya yi laushi.

To, ga abincin. Madara da yogot da cuku su ne kan gaba. Mace mai shekarunki tana buƙatar kalsiyam kusan miligiram 1,000 a rana, kofin madara ɗaya kuma yana ba da kusan 300. Madara tana da nata sukarin, amma shi ne mafi sauƙin illa ga haƙori a cikin dangin sukari, kuma yana tafe da kalsiyam da fosfet da furotin masu kare ɓawon. Cuku ya fi su duka. Taunarsa tana kawo yawu, kuma yana barin ma'adini a jikin haƙori, shi ya sa likitocin haƙori suke son a rufe cin abinci da ɗan yankinsa. Yogot kuwa ki nemi wanda ba a zuba wa sukari ba, don wasu na roba zaƙinsu bai bar na alewa da nisa ba. In tsaminsa ya yi miki yawa, ki yanka ayaba a ciki.

Wadda madara ke ɓata wa ciki ba ta rasa mafita ba. Ƙananan kifaye da ake ci har da ƙayarsu, irin sadin na gwangwani, suna da kalsiyam mai yawa, ga bitamin D wanda sai da shi hanji ke iya tsotsar kalsiyam ɗin. Gwaiduwar ƙwai ma tana da bitamin D kaɗan, mafi yawansa kuma fata ce ke haɗa shi in hasken rana ya taɓa ta, abin da mai wuni a ɗaki kan keke ya kamata ta tuna. Riɗi da wake da waken soya da dangin kabeji duk suna taimakawa. Alayyafo yana da kalsiyam, amma akwai wani sinadari a cikinsa da ke riƙe mafi yawa, don haka ki ci shi saboda sauran amfaninsa, kada ki dogara da shi a wannan fanni. Nama da kifi da ƙwai su ke ba da fosfet da furotin.

Wata gaskiya dai: kalsiyam ɗin da kika haɗiya ƙashinki zai fi amfana, da ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da saiwar haƙora. Haƙorin babba ta waje ake gyara shi, ta yawu da fuloraid. Shi ya sa abin taunawa yake da muhimmanci. In hannu ya saba kai wani abu baki lokacin aiki, ki yanka karas ko kokwamba ki ajiye a faranti, ko ɗan gyaɗa marar sukari. Suna sa muƙamuƙi aiki, yawu ya zubo, ba su kuma ba bakteriya wani abin kirki. Tuffa ma tana da kyau, amma maganar da ake yi cewa tana goge haƙori kamar buroshi ba haka ba ne, yauƙin da ke bakin dasashi yana nan bayan an cinye ta. Cingam marar sukari na minti 20 bayan cin abinci yana taimakawa, musamman mai sinadarin zailitol, wanda bakteriyar baki ba ta iya mayar da shi asid. Ki tabbata an rubuta babu sukari, don cingam mai sukari alewa ce kawai da ake daɗewa ana tsotsa.

Masu ɓarna a ɓoye su ne masu maƙalewa. Biskit da kek da soyayyen dankalin leda suna narkewa su cika ramukan matauni, yawu kuma yana mayar da sitacinsu sukari. Busassun 'ya'yan itace irin zabibi da dabino suna da amfani ga jiki, amma suna da zaƙi da danƙo. Ba na ce ki haramta wa kanki ba. Ki ci su a ƙarshen abinci, lokacin da baki ke cike da yawu, ki bi da ruwa. Lokacin da ya fi muni shi ne dab da barci, domin yawu yana raguwa sosai da dare. Bayan gogewar dare, ruwa kaɗai. Na san mai tashin dare shayarwa tana jin yunwa. In ta matsa, kofin madara marar sukari ko ɗan cuku ya fi biskit nesa ba kusa ba.

Sai dasashi. Abincinsa na musamman bitamin C ne, domin da shi jiki ke haɗa zaren naman da ke riƙe dasashi da jijiyoyin jininsa. A da, matuƙan jiragen ruwa da ke wata da watanni a teku babu ɗanyen abu sukan kamu da wata cuta da ke sa dasashi ya kumbura ya yi ta jini har haƙora su zube. A shekarar 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya raba marasa lafiya 12 gida shida ya ba kowane gida magani daban, kuma biyun da suka samu lemu da lemun tsami su suka warware. Mai shayarwa tana buƙatar kusan miligiram 120 a rana, fiye da sauran mata. Lemun zaƙi matsakaici yana ba da kusan 70. Gwaiba ta ninka lemu, jan tattasai ma ya fi shi, sai gwanda da mangwaro da tumatir da ɗanyen kabeji. Zafi yana lalata wannan bitamin, don haka a kowace rana ki samu wani abu ɗanye, kuma ganye kada a dafa shi har ya mutu.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. In kina cin 'ya'yan itace da ganye ko da jefi-jefi, da wuya rashin bitamin C ya zama dalilin jininki. Mafi yawan jinin dasashi daga yauƙin nan yake, wanda ke taruwa a daidai inda haƙori ya haɗu da nama. Jiki yana yaƙi da shi, wurin ya kumbura, ya yi ja, abu kaɗan ya taɓa shi sai jini. Da kika rage goge wurin, sai kika bar musabbabin ya ƙara taruwa, shi ya sa wata bakwai bayan haihuwa bai daina ba. Ki sayi buroshi mai laushi. Ki karkata gashinsa zuwa bakin dasashi, ki riƙa ɗan jujjuya shi a hankali haƙori bayan haƙori, ciki da waje, minti biyu, safe da dare. Ban da dirzawa da ƙarfi, wannan yana sa dasashi ya janye ya bar saiwa a waje, zogi ya ƙaru. Sau ɗaya a rana ki bi tsakanin haƙora da zaren sakace. Kwanakin farko zai yi jini, kada ki tsorata ki daina. Yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu jinin ke raguwa.

Man goge bakin ya kasance mai fuloraid, ki duba jikin kwalin ki ga lamba tsakanin 1,000 da 1,500 ppm, wato ma'aunin yawan fuloraid ɗin da ke ciki. In kin gama ki tofar da kumfar kawai, kada ki kurkure da ruwa, don fuloraid ɗin ya kwana a kan haƙora. Akwai man da aka yi don masu jin zogin sanyi, yana aiki, amma sai an jure makonni ana amfani da shi.

Baƙin ɗigon matauni kuwa, babu abincin da zai cike rami. Idan ruɓewa tana matakin farko, lokacin da take ɗan farin tabo, yawu da fuloraid suna iya mayar da ita. In ta huda, sai likita. Zai yiwu ma tabo ne kawai, amma ido a madubi ba zai bambance miki ba. Tsoron nan naki shi ke kai mutane ga abin da suke gudu: ƙaramin rami ciko ake yi masa a zama ɗaya, wanda aka bari ya kai jijiya shi ke kaiwa ga wankin saiwa (wato a cire jijiyar haƙorin a cike gurbinta) ko cirewa. Kuma yauƙin da ya daɗe yakan daskare ya yi tauri a gindin haƙori, buroshi ba ya fitar da shi, sai an kankare a asibiti. Ki faɗa wa likitan kina shayarwa. Allurar kashe zafi da ake yi a dasashi ba ta hana ba da nono. In jinin ya wuce mako biyu duk da gogewa, ko haƙori ya fara girgiɗi, ko baki na wari, ko kina ganin jini a wasu wurare ba dalili, kada ki jira. In an taɓa ce miki sukarinki ya hau lokacin ciki, ki sake aunawa, domin ciwon sukari da ciwon dasashi suna ƙara wa juna ƙarfi.

Yaron ma yanzu haƙoransa na farko suke hudowa ko suna hanya. Da na farko ya leƙo ki fara goge masa sau biyu a rana da ƙaramin buroshi mai laushi da ɗigon man fuloraid da bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Kada a sa masa sukari a abin sha, kada ya yi barci da kwalbar abu mai zaƙi a baki, zuma da ruwan 'ya'yan itace kuma a jira sai ya cika shekara. Yayyensa in za a ba su alewa, a ba su bayan abinci su cinye a lokaci ɗaya, kuma ki riƙa tsaya musu a kan gogewar dare har su kai shekara bakwai.